Yadda nake koyar da Yaƙin Cacar Baka, tun daga bakin kududdufin kuza

Shekara 19 ke nan ina koyar da tarihi a wata makarantar sakandare a nan Jos, kuma babu darasin da sababbin malamai suka fi tare ni a kansa kamar Yaƙin Cacar Baka, wato zaman doya da manja tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Kukansu ɗaya ne. Yaro zai haddace maka cewa an kafa ƙawancen sojan Yamma na NATO a 1949, an ƙulla kishiyarsa ƙawancen Warso a 1955, Katangar Balin ta faɗi a 1989, amma da ka tambaye shi yadda lebura yake kwana yake tashi a Mosko ko a Shikago a wancan zamani, sai ya sunkuyar da kai. Abin da zan shimfiɗa a nan shi ne tsarin da na tsaya a kansa bayan na gwada wasu na watsar. Mako huɗu yake ci, darasi biyu a kowane mako.

Ranar farko kada ka rataya taswirar Turai. Tambayi ajin: wa ya taɓa ganin kududdufan haƙar kuza da ke hanyar Bukuru, ko Rayfield, ko Barikin Ladi? Kowa zai ɗaga hannu. Su wane ne kakanninsu suka ɗauki kwanon kuza a ka? A ajina ba a taɓa rasa mutum biyar ko shida ba. Daga nan sai ka gaya musu cewa ban da kuza akwai wani baƙin yashi mai nauyi da ake kira kwalambait, wanda a da ake watsar da shi cikin tarin ƙasar da aka gama wankewa. Bayan yaƙin Koriya ya ɓarke a 1950, Amurka ta shiga saye tana jibgewa a rumbu, domin ƙarfen da ke cikinsa yana sa injin jirgin yaƙi ya jure zafi. Farashi ya yi sama, aka koma ana tone tsofaffin juji, kuma a waɗannan shekaru mafi yawan kwalambait ɗin da duniya ke amfani da shi daga wannan tudu namu yake fita. Da Amurka ta janye daga saye, kasuwar ta karye. Wata yarinya 'yar Gangare ta taɓa ce mini, "Malam, ashe kakana ya yi wa Amurka aikin yaƙi bai sani ba?" Da zarar ɗaya daga cikinsu ya jefo tambaya irin wannan, hankalin ajin ya dawo hannunka.

Sai bayan nan ka zana tushen rigimar a allo, kada ka wuce minti 15. A 1945 Amurka da Tarayyar Sobiyet abokan yaƙi ne, tare suka kayar da Hitler. Amma ba iri ɗaya suka fito ba. Sobiyet ta rasa mutum wajen miliyan 27, garuruwanta na yamma sun zama kufai, shi ya sa Stalin ya ƙudura cewa ƙasashen da ke tsakaninsa da Jamus sai dai su zama 'yan amshin shatansa. Amurka kuwa masana'antunta na nan daram, kuma ita kaɗai ke da bam ɗin nukiliya har 1949. Tsoronta shi ne yunwa ta miƙa Faransa da Italiya ga jam'iyyun gurguzu, waɗanda suke da ɗimbin magoya baya a can, don haka daga 1948 ta zuba kimanin dala biliyan 13 a Yammacin Turai ƙarƙashin Shirin Marshall. Yaro in ya gane cewa kowane ɓangare tsoro ne ke tuƙa shi, sauran labarin zai zo masa da sauƙi.

A nan akwai ramin da malamai da yawa ke faɗawa: su rubuta "dimokuraɗiyya" a dama, "gurguzu" a hagu, su raba duniya gida biyu kamar an yanka kabewa. Sifen ta Franco, da Fotugal ta Salazar, da Afirka ta Kudu ta wariyar launin fata duk a sansanin Yamma suke, kuma ba ɗayarsu da talaka ke iya sauke mai mulki. A ɗaya gefen, Tito na Yugoslabiya ya raba gari da Stalin tun 1948, Sin da Sobiyet kuma har musayar wuta suka yi a kan iyaka a 1969. Ka faɗi wannan tun a makon farko, in ba haka ba gyara shi daga baya aiki ne.

Abin da ke riƙe da darasin duka kwali ɗaya ne da nake liƙawa a gefen allo, ɗauke da tambayoyi huɗu. Ta yaya shugaba yake sauka? Me ke samun wanda ya ce a'a? Ta yaya talaka ke samun abinci da ɗaki da magani? Wa aka bari a waje? Dokar ajin ita ce duk tambayar da aka yi wa Mosko sai an yi wa Washinton, da kalmomi iri ɗaya. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, kuma farfagandar ɓangarorin biyu a kan wannan aka gina ta. Kwalin ne ke hana malami da ɗalibai zama amsa-kuwwar ɗayansu.

Tambayar farko ba ta cin lokaci. Labari ɗaya ya isa: a Yulin 1945 firaministan Birtaniya Churchill na zaune da Stalin da Shugaba Truman na Amurka a taron Potsdam, ya koma gida jin sakamakon zaɓe, ya tarar mutanen Birtaniya sun kayar da jam'iyyarsa. Attlee, jagoran jam'iyyar da ta ci zaɓen, shi ne ya dawo ya zauna a kujerarsa aka ƙarasa taron. Stalin kuwa yana nan har mutuwa ta ɗauke shi a 1953. Khrushchev da ya ja ragamar ƙasar bayansa, abokan aikinsa ne suka tsige shi a ɗaki a 1964, jama'a sai dai suka ji a sanarwa. Brezhnev da ya gaji Khrushchev ya shekara 18 ya mutu a kan kujera. Ana yin zaɓe a Sobiyet, amma suna ɗaya ne a takardar ƙuri'a. Ɗalibai da kansu za su janyo maganar zaɓukanmu na gida. Ba su minti biyar, sannan ka dawo da su kan hanya.

Tambaya ta biyu ce nake ba darasi biyu cur, kuma da wasa nake buɗe ta. Nakan yanka ƙananan takardu daidai yawan 'yan ajin, in ninke, in raba, in ce kowa ya duba tasa a ɓoye. Ina gaya musu cewa a wasu takardun an rubuta "ɗan rahoto", kuma duk mai irin wannan aikinsa shi ne ya riƙe sunan wanda ya soki dokokin makaranta. Sai in raba su rukuni-rukuni, in ce su tattauna abin da ba sa so a dokokin, minti goma. Ajin da ko a jarrabawa sai ka yi ta tsawa kafin ya yi shiru, sai ka ga ya koma raɗa. Kowa na satar kallon na kusa da shi. Wanda ya fi kowa baki sai ya ce shi dai dokokin sun yi masa daidai. Da lokaci ya cika sai in ce kowa ya buɗe takardarsa ya ɗaga sama. Duk farare ne, babu ɗan rahoto ko ɗaya.

Ka kiyaye abu biyu. Kada ka karɓi sunan kowa ko da wasa, kuma kada a tashi daga darasin ba a buɗe takardun ba. Na taɓa barin abin ya kwana, washegari na tarar aminai biyu ba sa ga-maciji, sai da na zaunar da su na ba su haƙuri. Tun daga ranar ban sake ba.

Yayin da jikinsu bai gama sakewa ba, sai ka ba su alƙaluma. A 1989 hukumar leƙen asirin Jamus ta Gabas, Stasi, tana da ma'aikata wajen 91,000 da 'yan rahoto fiye da 170,000, a ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 16 da 'yan kai ba. Da aka buɗe fayilolin bayan haɗewar Jamus, akwai waɗanda suka tarar aboki ne ko miji yake kai rahotonsu. Daga nan ka tsallaka Amurka ba tare da ka huta ba. A Fabrairun 1950 Sanata Joseph McCarthy ya ce yana riƙe da jerin sunayen 'yan gurguzu a ma'aikatar harkokin waje. Bai tabbatar da zargin ba, amma a wannan guguwa dubban mutane sun rasa aiki, har da malaman makaranta da marubutan fim. Mawaƙin nan baƙar fata Paul Robeson an hana shi fasfo daga 1950 har 1958 saboda ra'ayinsa.

To amma fa kada ka ce musu duk kanwar ja ce, domin ba gaskiya ba ne, kuma yara masu kaifin basira za su gane ka kauce. Lokacin da Stalin ya mutu akwai mutum fiye da miliyan 2 a sansanonin aikin dole. A 1956 tankokin Sobiyet sun murƙushe boren Hangari, 'yan ƙasar wajen 2,500 suka mutu, kimanin 200,000 suka tsere, aka rataye firaministan Imre Nagy a 1958. An sake shiga da tankoki birnin Prag a Agustan 1968. Shi kuwa McCarthy, zaman bincike da aka nuna a talabijin ne ya tona shi, Majalisar Dattawa ta tsawatar masa a Disambar 1954, tauraronsa ya dushe. Ina son in jera musu harbi biyu. A Mayun 1970 dakarun jihar Ohayo sun harbe ɗalibai huɗu a jami'ar Kent yayin zanga-zangar adawa da yaƙin Biyetnam, washegari hotunan suna shafin farko na jaridu. A Yunin 1962 ma'aikata a garin Novocherkassk sun yi yajin aiki saboda an ƙara kuɗin nama da man shanu, soja suka buɗe wuta, fiye da mutum 20 suka mutu, aka binne su a asirce, aka kulle bakin kowa har sai da Tarayyar ta kusa rushewa. Kada ka fassara musu. Tambaye su kawai: uwar da aka kashe wa ɗa a nan da wadda aka kashe wa a can, wace ƙofa kowaccensu za ta iya ƙwanƙwasawa?

Maganar abinci ita ma da wasa nake shigarta, kuma kuɗin biskit kaɗai take ci. Teburi biyu, shago biyu. A na farko biskit arha ne, kowa an ba shi tikiti daidai da na kowa, sai dai guda goma ne ga mutum 20. A na biyu biskit ya wadata, amma da tsada, kuma tikitin da na raba wani yana da shida wani yana da ɗaya. Ba sai ka ce komai ba. A shagon farko layi zai kafu, kuma mai shagon zai ɓoye wa abokinsa guda biyu a aljihu, ban taɓa yin wasan nan hakan bai faru ba. A na biyu babu layi, amma za ka ga yaro tsaye yana kallon kaya da tikiti ɗaya a hannu. Rashawa suna da kalma ta samun abu ta hanyar sanayya, suna ce mata blat. Duk shekara sai wani ya ce, "Malam, ai wannan wa-ka-sani ne."

A nan dole ka yi wa tsarin gurguzu adalci. A Sobiyet karatu kyauta ne har jami'a, asibiti kyauta, kuɗin haya bai taka kara ya karya ba, jirgin ƙasa na ƙarƙashin birnin Mosko kobek 5 ne shekara da shekaru. Daga ƙarshen shekarun 1950 Khrushchev ya gina benaye masu hawa biyar da suka fitar da miliyoyin iyalai daga gidajen da ake cunkusa iyali uku ko huɗu a kan kicin ɗaya. Mafi yawan likitocin ƙasar mata ne. Ƙasar da yammacinta kufai ne a 1945 ita ta fara harba tauraron ɗan'adam a 1957, ta kai Gagarin sararin samaniya a 1961. Sai dai tsarin da ofishi ɗaya ke yanke yawan takalmin da ƙasa za ta ɗinka ya iya ƙera roka, ya kasa cika kanti. Ma'aunin masana'anta shi ne ta cika adadin da aka ɗora mata, ko kayan sun yi wa mai saye ko ba su yi ba. A Jamus ta Gabas mutum kan jira fiye da shekara goma kafin motar Trabant da ya rubuta suna ta iso.

Yamma ma ba kasuwa zalla ba ce. A Yulin 1948 Birtaniya, tana cikin rabon abinci da kati, ta buɗe tsarin kiwon lafiya na kyauta ga kowa. Gwagwarmayar ƙungiyoyin ƙwadago ce ta kawo irin waɗannan sauye-sauye a Yammacin Turai, kuma a ganina tsoron kada ma'aikata su karkata ga gurguzu ya taimaka wajen tausasa hannun masu mulki. Amurka ba ta bi wannan hanya ba, sai a 1965 ta yi wa tsofaffi da matalauta tsarin biyan kuɗin asibiti.

Kada ka rufe wannan sashe ba ka je Sin ba, domin a can ne tambaya ta biyu da ta uku suke haɗuwa. Daga 1958 Mao ya tattara manoma cikin gandayen gama-kai. Jami'an ƙauyuka suka riƙa ƙara gishiri a alƙaluman girbi don kada a ce sun gaza, gwamnati ta kwashi hatsi daidai da alƙaluman ƙarya, manoma suka zauna da rumbu wayam. Ministan tsaro Peng Dehuai ya faɗa wa Mao gaskiya a 1959, aka tuɓe shi, sauran suka kama bakinsu. Yunwar da ta biyo baya ta ci mutum miliyoyi gommai. Yaran da iyayensu ke noman dankali a Bokkos ko Mangu ba sa bukatar dogon bayani kafin su gane yadda hakan ke faruwa.

Tambaya ta huɗu ita ce wadda ta fi taɓa mu. Amurka tana wa'azin 'yanci a duniya, alhali baƙar fata a jihohin kudu ba ya iya jefa ƙuri'a cikin kwanciyar hankali sai bayan dokar 1965. A 1957 wani gidan abinci a jihar Delaware ya ƙi barin ministan kuɗin Ghana, Komla Gbedemah, ya zauna ya sha lemo saboda launinsa, har Shugaba Eisenhower ya gayyace shi karin kumallo a Fadar White House don a rufe kunyar. Mosko kuwa ba ta bari irin wannan labari ya wuce ba ta yayata shi ba, kuma wannan matsin lamba na cikin abin da ya sa Washinton ta motsa. Faransa mai zaɓe da jaridu ita ce ke azabtar da mutane a Aljeriya, kuma ranar 17 ga Oktoban 1961 'yan sandanta sun kashe Aljeriyawa masu zanga-zanga a tsakiyar Faris, wasu aka jefa su kogin Sen, aka shafe shekaru gommai hukuma ba ta amsa ba. Ka kawo wannan kusa da labarin Novocherkassk, don su ga cewa ƙasar dimokuraɗiyya ma tana iya binne gawa a asirce in gawar ba ta 'yan gida ba ce. Sai Mossadegh na Iran a 1953, da Lumumba na Kwango a 1960, da Allende na Cile a 1973: shugabanni ne da jama'arsu suka ɗora, ƙasashen Yamma suka sa hannu wajen kifar da su.

A ɓangaren Sobiyet, a 1944 an kwashe Ceceniyawa da Tatar na Kirimiya ɗungurungum aka zube su a tsakiyar Asiya. A zamanin Khrushchev an rufe dubban coci-coci da masallatai da yawa, kuma 'yan ƙalilan ake bari su je Hajji. An buɗe jami'a a Mosko a 1960 domin ɗaliban Afirka da Asiya da Latin Amurka, aka sa mata sunan Lumumba, amma a Disambar 1963 ɗaruruwan ɗaliban Afirka sun yi zanga-zanga a dandalin Red Square bayan an tsinci gawar wani ɗalibi ɗan Ghana, suna kukan wariyar launi.

Katangar Balin nake ajiyewa zuwa mako na uku, kuma ina taka ta a hankali. Tsakanin 1949 da 1961 mutum wajen miliyan 2.7 suka bar Jamus ta Gabas, da yawansu matasa ne da masu sana'a. Daren 13 ga Agustan 1961 aka ja waya mai ƙaya ta tsakiyar birni. Wanda ya kwana gidan ƙanwarsa a ɗaya gefen ya wayi gari da iyaka tsakaninsa da gadonsa. Aƙalla mutum 140 suka mutu a wannan katanga. A wani gari wannan labarin nesa ne. A Jos ba haka ba ne. Ɗalibaina an haife su bayan rikicin Jos na Satumban 2001, sun tashi sun tarar akwai unguwar da ba a kai su, akwai mai adaidaita da zai ce iyakarsa nan. Babu bulo ko ɗaya, amma sun san inda layin yake. Kada kai ka fara ɗauko wannan kwatanci. In ɗayansu ya ɗauko, kuma za a ɗauko, ka saurare shi, ka hana a shiga lissafin wa ya fara, ka tambaye su abin da iyayensu suka rasa a ɗaya gefen: maƙwabci, ko shago, ko makaranta. Ajina akwai Musulmi akwai Kirista, kuma sau da yawa wannan ne karon farko da suke jin cewa asarar ta shafi kowane gida.

Najeriya darasi ɗaya nake ba ta. Gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta jingina da Yamma, ta ƙulla yarjejeniyar tsaro da Birtaniya, ɗalibai suka yi mata bore har aka soke ta a Janairun 1962. A lokacin a Kano akwai tashar da Amurkawa ke bibiyar kumbon 'yan sama-jannatinsu. Da yaƙin basasa ya zo a 1967, Sobiyet ce ta sayar wa gwamnatin tarayya jiragen yaƙi samfurin MiG, kuma daga wannan zumunci aka kai ga kwangilar masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta a 1979. A Janairun 1976 Murtala ya tsaya a Adis Ababa ya goyi bayan MPLA, ƙungiyar Angola da Sobiyet ke mara wa baya, duk da wasiƙar matsin lamba daga Shugaba Ford na Amurka. Ka nuna musu cewa shugabanninmu ba 'yan kallo ba ne, ciniki suke yi da kowane ɓangare. Aikin gida na wannan rana shi ne kowa ya tambayi kakansa tashar da yake kamawa. BBC ta fara Hausa a 1957, Muryar Jamus da Rediyon Sin a 1963, Muryar Amurka a 1979, Rediyon Mosko ma ta yi Hausa. Su yi tunanin dalilin da ya sa a wancan zamani manyan ƙasashe biyar suke biyan albashi don su yi magana da mai shayi a Dilimi cikin harshensa.

Za a tambaye ka, "Malam, to kai wanne ka zaɓa?" Ina ce musu su bari sai mako na huɗu, kuma in ya zo ba na kaucewa. Ni zan zaɓi zama inda zan iya cewa a'a in kwana a gidana, in yi faɗan abinci da asibiti daga can, domin na ga inda aka hana magana yunwar ma ɓoye ta ake yi. Ina kuma gaya musu cewa da ni ɗan Kwango ne a 1961 ko ɗan Aljeriya, wannan 'yanci da ake yabo bai iso ƙofata ba. Wanda ya saɓa mini a jarrabawa da hujja yana samun cikakken maki. Tambayar da nake ba su ɗaya ce: ka zaɓi mutum guda, ko ma'aikaciyar masaƙa a Jamus ta Gabas, ko baƙar fata direban bas a Alabama, ko manomi a Sin, ka amsa tambayoyi huɗun nan a kan rayuwarsa a shekarar da ka zaɓa. Wanda ya jero mini ranaku ba mutum a ciki, rabin maki ne iyakarsa.

Darasin ƙarshe ba ni ke koyar da shi ba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma a Jos akwai likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a da suka yi karatu a Sobiyet ko Bulgeriya ko Romaniya, akwai kuma waɗanda suka yi a Amurka da Ingila. Fara neman mutum tun makon farko, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka je gidansa da kanka ka gaishe shi, kada ka aika yaro da takarda. In za ka samu biyu, ɗaya daga kowane ɓangare, ya fi.

Ka shirya ɗalibai kafin ya zo. Kada su tambaye shi ko gurguzu na da kyau, domin zai ba su lacca. Su tambayi ƙananan abubuwa: me ya ci ranar da ya sauka, nawa ne alawus ɗinsa, a ina yake salla ko zuwa coci, wa yake ɗaki ɗaya da shi, yana iya zuwa wani gari ba izini? Wani dattijo injiniya da ya yi karatu a Harkof, cikin Yukuren ta yau, ya zo mana shekaru uku a jere. Ya ba su labarin shekarar farko da aka ware don koyon Rashanci kawai, da rigar sanyin da aka ba shi, da yadda alawus ɗinsa ya fi na 'yan ƙasar, da wandunan jins da abokansa ke sayowa in sun je hutu Yamma su sayar a ɓoye. Wata ɗaliba ta ce, "Baba, abokanka Rashawa suna zagin gwamnati a gabanka?" Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "'Yata, a kicin kawai, kuma sai an ƙure rediyo." Wani ya tambaye shi ko zai so a yi irin mulkin a nan. Ya ce shi ɗan talaka ne, ba don su ba da bai zama injiniya ba, amma shekara shida bai taɓa rubuta wa mahaifinsa abin da ke ransa a wasiƙa ba.

Ka gargaɗi yaran cewa dattijo yana tuna ƙuruciyarsa ne, kuma baƙon ɗalibi mai alawus bai ga abin da manomin ƙauye ya gani ba, don haka su gwada maganarsa da abin da ke kwalin. In ya yarda, ku naɗi muryarsa a waya, amma ka nemi izini a gaban ajin, kuma in ya ce a kashe a wani wuri, a kashe. Daga baya ka raba wa ɗalibai uku su rubuta hirar da Hausa yadda ya faɗe ta, a sa kwanan wata da sunan garin da ya yi karatu da shekarun da ya yi a can. Kwafi ɗaya na ɗakin karatun makaranta ne. Ɗayan kuma ka sa a ambulan, ka ɗauki shugaban ajin, ku kai masa har gida.